Masu Dakon Kwal: Fashin Baƙi Kan Zanen Tawadar Da Van Gogh Ya Yi Tun Hannunsa Bai Faɗa Ba

A ƙauyen Otterlo na ƙasar Holan, cikin gidan adana zane-zane na Kröller-Müller, akwai wata takarda da Vincent van Gogh, shahararren mai zanen nan ɗan Holan, ya yi wa zane da fensir da alƙalami da tawada a watan Afrilun 1881. Wasu mata ne a jikinta, sun duƙa ƙarƙashin buhunan kwal, suna tafe a wata hanya ta yankin mahaƙa. A bayansu ga gada, ga hasumiyar coci. A gefe guda kuma ga bishiya da aka maƙala wa ɗan akwati mai siffar Almasihu a kan gicciye, irin wanda Kiristocin Katolika kan kafa a bakin hanya. Shi da kansa ya raɗa wa zanen suna da Ingilishi, “The bearers of the burden”, wato masu ɗauke da nauyi, ko mu ce masu dako.

Da za a ɓoye sunan mai zanen, a miƙa takardar ga wanda ya saba ganin ayyukan Van Gogh a intanet, furannin nan masu ruwan ɗorawa da sararin dare mai murɗawa kamar guguwa, da wuya ya yarda hannu ɗaya ne. Babu launi mai ɗaukar ido. Jikin matan a sandare yake, sai ka ce daga itace aka sassaƙo su. Layukan alƙalamin suna tafe a ɗarare, kamar rubutun ɗan makarantar da ke tsoron kada malam ya ga kuskure.

Mukan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma da wannan tunanin yawancin mutane ke duban aikin farko na duk wanda ya shahara. Sun riga sun san ƙarshen labarin, sai su dawo baya suna laluben alamun baiwa a kowane layi. Ni dai a nawa ganin, ta fuskar gwanintar hannu wannan Larabar ba ta yi wa kowa alkawarin komai ba. Akwai ɗalibai da yawa a Burasels, birnin Beljiyam inda yake zaune, a shekarar da suka fi shi iya zana mutum nesa ba kusa ba. Amfanin takardar yana wani wuri dabam: tana nuna mutum wanda ya gama sanin abin da yake son faɗa, amma bai mallaki hannun da zai faɗa ba tukuna. Kuma da yake da tawada ya yi aikin, ba shi da wurin ɓuya.

Daga ina matan suka fito?

Van Gogh bai taso da sana'ar zane ba. An haife shi ran 30 ga Maris, 1853, a Zundert da ke kudancin Holan, mahaifinsa limamin cocin Furotesta ne. Yana da shekara 16 aka sama masa aiki a kamfanin Goupil mai dillancin zane-zane, ya yi musu aiki a Heg da Landan da Faris, har suka sallame shi a 1876. Ya yi koyarwa a Ingila, ya yi tsaron kantin littattafai a Dordrecht, ya zauna a Amstadam yana shirin jarrabawar shiga karatun addini, ya watsar. Duk abin da ya kama sai ya suɓuce masa. A ƙarshen 1878 ya nufi Borinage, yankin haƙar kwal da ke kusa da birnin Mons a Beljiyam, a farkon 1879 kuma wani kwamitin coci ya ɗauke shi aikin wa'azi na gwajin wata 6 a Wasmes, kan faran 50 a wata.

Abin da ya tarar a wurin ya girgiza shi. Ya shiga ramin Marcasse, mai zurfin mita 700, ya yi sa'a 6 a ƙasa, ya rubuta wa ƙanensa Theo abin da ya gani: maza a kwance ko a durƙushe cikin ƴan lunguna suna saran kwal da hasken ƴar fitila, ruwa na ɗiga, yara maza da mata suna loda kwal a kura, har da tsofaffin dawakai da ke zaune can ƙarƙashin ƙasa suna jan kaya. Ran 17 ga Afrilun wannan shekara iskar gas ta fashe a ramin Agrappe da ke Frameries, nan kusa, mutum 121 suka mutu. Van Gogh ya yi jinyar waɗanda suka ƙone da marasa lafiya, ya rabar da tufafinsa, ya bar masaukinsa ya koma wata bukka yana kwana a kan ciyawa. Kwamitin da ya ɗauke shi ya yaba sadaukarwarsa, amma ya ce ba shi da baiwar magana, aka ƙi sabunta masa aikin a watan Yuli. Maimakon ya koma gida, sai ya matsa ƙauyen Cuesmes ya zauna cikin talauci fiye da shekara guda. A nan ne, a watan Agustan 1880, yana da shekara 27, ya yanke shawarar zama mai zane.

Saboda haka matan nan ba baƙi ba ne a wurinsa. Kusan shekara 2 yana ganinsu. Matan talakawan yankin kan hau tulin ɓaraguzan da ake zubarwa daga rami, su tsinci guntattakin kwal na girki da jin ɗumi, kamar yadda ake kala a gona bayan an kwashe amfani. Yadda suke ɗaukar kayan ma dabam ne da abin da idonmu ya saba. Mace a ƙasar Hausa takan naɗa gammo, ta aza kaya a ka, ta tafi a miƙe. Su kuwa buhun a gadon baya yake sauka, shi ya sa suke tafiya a duƙe, fuska na kallon ƙasa. Wannan duƙawar ita ce abin da ya tsaya wa Van Gogh a rai, kuma ita ya yi ta bi har ƙarshen rayuwarsa: mai haƙa, mai shuka, mai cirar dankali, mai saƙa. Da wuya ka sami mai aiki a miƙe cikin zane-zanensa na shekarun farko.

Hannun ɗan koyo

Lokacin da ya yi wannan zane, wata 8 kacal ke nan da fara koyo gadan-gadan. Yadda ya koya ma abin dubawa ne, domin ana yawan ba da labarinsa kamar wanda baiwa ta faɗo wa daga sama. Tsohon maigidansa na reshen Goupil da ke Heg, Tersteeg, ya aika masa aron darussan Charles Bargue, jerin manyan takardu masu ɗauke da siffofin jikin mutum waɗanda ɗalibi zai riƙa kwafa ɗaya bayan ɗaya. Kashi ɗaya daga ciki takarda 60 ne, kuma Van Gogh ya bi su kaf, ya sake komawa farko ya maimaita. Shahararren mai zanen nan Picasso ma, da yake yaro a Sifen, ya kwafi darussan na Bargue. Ban da wannan ya riƙa kwafar hotunan ayyukan Jean-François Millet, Bafaranshen da ya yi suna wajen zana manoma, wanda Van Gogh ya ɗauka tamkar uba a sana'a. A watan Oktoban 1880 ya koma Burasels, ya duƙufa kan ƙirar ƙashi da tsoka da kuma ƙa'idar nisa da kusa, wato yadda abu ke ƙanƙancewa gwargwadon nisansa da ido. A nan ya haɗu da Anthon van Rappard, matashin mai zane ɗan babban gida wanda Van Gogh ya girme shi da shekara 5, Rappard kuma ya bar shi yana aiki a ɗakin zanensa. A wasiƙar da ya aika wa Theo a watan Afrilun 1881 ya ambaci cewa a ɗakin Rappard ya yi zanen masu dakon.

Ke nan matan ba sa gabansa sa'ad da yake zana su. Wata 6 ke nan rabonsa da Borinage. A nan ne matsalar ta fito fili, domin nauyi na daga cikin abubuwan da suka fi wuyar zanawa. Nauyi ba shi da siffar kansa, sai dai a nuna abin da yake yi wa jiki. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli ɗan dako ya saɓi buhun masara a kasuwa ya san abin da nake nufi: wuya ya nutse cikin kafaɗu, gwiwa ta ɗan lanƙwashe, ƙafar da ke gaba ta dafe ƙasa sosai kafin ta baya ta saki, ƙugu ya karkata don daidaita kayan. Idan mai zane ya kuskure ɗaya daga cikin waɗannan, sai buhun ya zama kamar cike yake da auduga. A zanen 1881 an ga buhu, an ga duƙawa, amma ƙafafun ba su gamsar da ni cewa su ke ɗauke da kayan ba. Matan sun fi kama da siffofin da aka jera a gaban fili, ba mutanen da ke taka shi ba.

A ganina shi ma ya ji wannan giɓin, shi ya sa ya cike shi da abin da ya iya. Mai wa'azi ne jiya-jiya, sai ya yi wa'azi. Gicciyen da ke jikin bishiya yana cewa, a bisa imanin Kirista, ga wanda ya ɗauki nauyin mutane, ga kuma waɗanda ke ɗauke da nasu a ƙarƙashinsa. Cocin da ke can nesa ana iya karanta shi a matsayin tsokaci daga mutumin da coci ya sallama bayan ya ba da duk abin da ya mallaka. Sunan zanen kuma ya ƙarasa abin da ya rage. Alama da rubutu ne suka ɗauki kayan da ya kamata layin alƙalami ya ɗauka. Wannan ba aibi ba ne da ya keɓanta da shi, kusan duk ɗan koyo haka yake yi, a zane ko a rubutu: inda fasaha ta gaza sai a ƙara bayani.

To me ya kawo Ingilishi a zanen Baholande da ke zaune a Beljiyam? Zaman da ya yi a Landan ne ya bar masa son mujallun Ingila masu hotuna, musamman The Graphic da The Illustrated London News, inda masu zane irin su Luke Fildes da Hubert Herkomer da Frank Holl ke fito da rayuwar talakawa baƙi da fari. Burinsa a lokacin ya zama irinsu, ya riƙa sayar wa mujallu zane ya ci abinci. Shi ya sa wasu ayyukansa na 1881 da 1882 ke ɗauke da sunayen Ingilishi. Wannan buri ya kuma bayyana dalilin riƙe alƙalami: zanen da aka gina da layuka baƙaƙe shi ne mafi kusa da abin da ake sassaƙawa a katako a buga a jarida. Neman abinci yana cikin lissafin, kuma dole ya kasance. A farkon watan da ya yi zanen ne ya rubuta wa Theo godiya, bayan ya ji daga bakin mahaifinsu cewa an daɗe kuɗin da ake aiko masa daga aljihun ƙanen nasa suke fitowa. Theo bai sauke wannan kayan ba har Vincent ya mutu a 1890.

Abin da tawada ke yi, da abin da ake yi mata

Fensir ana gogewa, gawayi ana kakkaɓewa, fentin mai ana shafe shi da wani a kai. Tawada kuwa in ta sauka ta sauka. Saboda haka masu koyo kan fara shata siffar da fensir, sa'an nan su bi ta da alƙalami, kuma haka Van Gogh ya yi. Wahala ta biyu ita ce alƙalami launi ɗaya gare shi. Ba ya ba da toka-toka. In kana son inuwa sai ka jera siraran layuka kusa da juna, in kana son ta ƙara duhu ka gitta wasu a kansu kamar saƙar tabarma. Tazarar da ke tsakanin layukan ita ce ke zama haske. Gwani kan sa layukan su bi lanƙwasar jiki, har ka ji dunƙulewar kafaɗa. Ɗan koyo kuwa cike gurbi kawai yake yi, kamar mai shafe fili. A zanen masu dakon, saƙar layukan na nan da yawa, an yi ta da haƙuri, amma duhu take bayarwa fiye da siffa.

Ita kanta tawadar Turai ta wancan zamani tana da labarin da ba zai zama baƙo ga Bahaushe ba. Wadda aka fi amfani da ita tsawon ƙarnuka ana haɗa ta ne da abu huɗu: wasu ƙulluttai da ke fitowa a jikin bishiyar oak idan ƙwaro ya yi ƙwai a ciki, da gishirin ƙarfe, da ruwa, da ƙaro. Ƙulluttan cike suke da sinadarin nan mai bauri da ake jima da shi, irin wanda ke cikin bagaruwa. In ya haɗu da ƙarfe sai ya yi baƙi. Dukawanmu sun san wannan tun kaka da kakanni: fatar da aka jeme da bagaruwa, in aka shafa mata kuloko, wanda da kashin maƙera ake haɗa shi, nan take take komawa baƙa. Ƙaron kuwa aikinsa riƙe baƙin cikin ruwa da sa shi ya bi bakin alƙalami a hankali, kamar yadda yake yi a tawadar allo. Turai ba ta da bishiyar ƙaro. Daga wannan yanki namu na Sahel ake kai mata shi, a ƙarni na 19 galibi ta kogin Sanagal da kuma ƙasar Sudan.

Bambancin wannan tawada da ta allo shi ne, ta allo a saman itace take zama, shi ya sa ake wanke ta. Ta ƙarfe kuwa takan sauka a dushe, iska ta buge ta ta yi duhu, ta kama zaren takardar ta zama ɗaya da shi. Ƙarfinta ke nan, kuma ciwonta ke nan. Tana da tsami, sannan ƙarfen da ya yi saura a cikinta yana ci gaba da aiki shekara da shekaru. Baƙin yakan koma ruwan ƙasa, yakan yi naso ya ɓulla ta bayan takarda, inda aka zuba ta da yawa ma takan cinye takardar har ta huje. Da yawa daga zane-zanen Van Gogh da muke gani yau da launin ƙasa-ƙasa mai daɗin ido, baƙaƙe ne a ranar da ya yi su. Akwai ma wanda ya fi wannan: a Arles da ke kudancin Faransa ya yi amfani da wata tawada mai ruwan shunayya cikin sababbin rinin masana'anta na lokacin, kuma a zanen da ya yi na tsaunin Montmajour launin ya dushe har da ƙyar ake ganin wasu sassan. Saboda haka mai kallon tsohon zanen tawada yana kallon aikin mutum biyu ne, na mai zanen da na shekaru, kuma kafin a yanke hukunci kan laushin layi ko ƙarfinsa sai an cire na shekarun.

Wannan ne dalilin da ya sa ba kullum ake ganin irin wannan takarda ba. Haske yana cin takarda da tawada, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Gidajen adana zane kan fito da aikin takarda na ƴan watanni, galibi kamar 3, cikin haske mai rauni ƙwarai, sa'an nan su mayar da shi akwati ya huta. Wanda ya je Otterlo zai tarar da zane-zanen fenti a bango, amma na tawada sai ya yi sa'a.

Wani abin da ke burge ni shi ne inda alƙalamin nan mai ɗari-ɗari ya ƙare. A 1884, a ƙauyen Nuenen na Holan, da alƙalami ya zana masaƙa a bakin aikinsu da itatuwan hunturu, kuma a nan saƙar layukan ta fara numfashi. A 1888, da ya sauka Arles a kudancin Faransa, sai ya riƙa yankar kara a bakin ruwa yana feƙe alƙalaminsa da kansa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san halin alƙalamin kara: ba ya riƙe tawada da yawa, ka tsoma ka yi ɗan ja, ya bushe, ka sake tsomawa. Layin farko yakan fito da kauri, na ƙarshe a kwarzane. Mai neman dogon layi santala zai ɗauki wannan nakasu. Van Gogh kuwa ya gina salo sukutum a kansa, gajerun ja da ɗigo-ɗigo da ƴan lanƙwasa, kowane iri na wakiltar abu guda, tsaiwar alkama dabam, tsakuwa dabam, zafin rana dabam. Ɗaya daga zanen da ya yi da irin wannan alƙalami a 1888, hoton wata yarinya da ake kira La Mousmé, an sayar da shi a gwanjon Christie's a 2021 kan dala miliyan 10.4. Shekara 7 ce tsakaninsa da masu dakon kwal.

Ta yaya aka san nasa ne?

Tambayar tana da nauyi musamman a kan ayyukan farko, domin ba su ɗauke da salon da aka san mutum da shi. Aikin da gwani ya yi bayan ya ƙware, hannunsa ne shaidarsa. Wanda ya yi yana koyo kuwa yana kama da na kowane ɗan koyo, don haka yana da sauƙi a jingina masa abin da ba nasa ba, yana kuma da sauƙi a yar da nasa na gaskiya. An yi duka biyun. Da ya bar Nuenen a ƙarshen 1885, ya bar tarin ayyukansa na farko. Mahaifiyarsa ta ƙaura zuwa Breda, aka ajiye akwatunan a wurin wani kafinta aka manta da su, a farkon shekarun 1900 kuma suka faɗa hannun ɗan gwangwan, aka riƙa tallarsu a kan kura kan ƴan kwabbai. Ta ɗaya ɓangaren, a 1928 aka gano cewa wani dillali a Balin, Otto Wacker, ya shigar da zane-zanen jabu fiye da 30 kasuwa da sunan Van Gogh, har manyan masana suka sa musu hannu. Shari'ar 1932 ta kai shi kurkuku.

Cikin waɗanda abin ya shafa har da Jacob-Baart de la Faille, wanda a shekarar ta 1928 ya fitar da kundin farko da ya jera ayyukan Van Gogh ɗaya bayan ɗaya. Duk da wannan tuntuɓe, lambobinsa ake amfani da su har yau, kowace da harafin F a gabanta. Masu dakon kwal su ne F832.

Abin da masana ke dubawa ba abu ɗaya ba ne. Akwai silsilar mallaka, wato daga hannun wa zuwa hannun wa. Akwai takardar kanta, irinta da tambarin masana'antar da ke bayyana in an ɗaga ta a haske. Akwai sinadarin tawadar da irin fensirin. Akwai ƙananan halaye na aiki: Van Gogh yana son fensirin kafinta mai faɗin baki, kuma a Heg yakan kwarara wa zanen fensir madara da ruwa don ya kashe ƙyallin. Irin waɗannan alamu na daga cikin abin da ya sa gidan adana ayyukansa na Amstadam ya tabbatar da wani zanen tsoho mai tagumi a kan kujera, na 1882, aka nuna shi ga jama'a karon farko a watan Satumbar 2021. Sai kuma babbar shaida, wasiƙu. Fiye da 800 daga cikin waɗanda ya rubuta sun tsira, kusan 650 zuwa ga Theo, galibi saboda matar Theo, Johanna Bonger, ta adana su ta kuma buga. Kaɗan ne cikin masu zane suka bar irin wannan bayani na mako-mako kan abin da suke yi. Masu dakon kwal suna da wannan gata, mai su ya kira sunansu a wasiƙa, ya faɗi inda ya yi su.

Zaman takardar a Otterlo kuwa albarkacin Helene Kröller-Müller ne, matar wani attajiri, wadda bisa shawarar malaminta H.P. Bremmer ta tara zane-zanen fenti na Van Gogh kusan 90 da na takarda fiye da 180, tun sunansa bai kai inda ya kai yau ba. An buɗe gidan a 1938. Abin da na fi yaba mata shi ne ba ta tsaya ga masu launi kaɗai ba, an tara har da na koyo, waɗanda ba su da kyan gani.

Saboda wannan ne ma gidan ke riƙe da takarda ta biyu da ta dace a ajiye kusa da ta farko. A watan Nuwamban 1882, yana zaune a Heg, Van Gogh ya koma kan matan nan, wannan karon da fentin ruwa, suna tafe cikin dusar ƙanƙara. Wata 19 ne tsakani, kuma a cikinsu ya ɗan yi karatu a hannun mai zane Anton Mauve, ya kuma kashe kaso mai yawa na kuɗin da Theo ke aikowa wajen biyan talakawan unguwa su tsaya ya zana su. Ya gaya wa Theo cewa ya yi zanen gwaji na mutum kusan 12 domin wannan aikin. A takardar 1882 buhunan sun danne matan har sun kusa zama dunƙule ɗaya da kayansu, baƙaƙe a kan farin fili, kawuna a sunkuye, kuma ba sai an karanta suna ko an nemi alama a jikin bishiya ba kafin a san kwal ne a ciki.